Lissafin Asara

Saura kwana tara.
Da alli na rubuta a ƙofar shagon caji,
kullum da asuba in goge, in rage ɗaya.

A Tashar Dukku nake wuni,
wayoyi arba'in jere a kan allo
suna tsotson wuta kamar 'yan awaki a nono,
ni kuma ina tsotson tambayoyin bara
da Ishaya ya gurzo mana a Sabon Layi.
Tawadar ta koɗe,
rabin amsar sai ka yi duba.

Kamfanin inshora na neman jami'in gudanarwa.
Kujera uku.
Mu da muka cike takarda, an ce mun haura dubu huɗu.
Babi na biyar ya koya mini auna yiwuwar abu.
Na auna tawa,
na rufe littafin,
na je na sayo awarar ɗari biyu.

Ishaya ɗan Kaltungo ne, lissafi a jininsa yake,
ni kuwa wasiƙar ofis ce gonata.
Bayan isha'i mukan yi musaya a kan benci,
ya ba ni kashi cikin ɗari, in ba shi waƙafi da aya.
Ba wanda ya taɓa furtawa
cewa kujerar da yake hange ita nake hange.
Janareta kaɗai ke faɗa, shi ma cikin tari.

Tambaya ta sha bakwai:
wata babbar mota ta ɗauko wake buhu ɗari uku,
ta kife a hanya.
Nawa kamfani zai biya?

Biro ya tsaya a hannuna.
Ai na san motar nan.
Koriya ce, an rubuta Sannu Ba Ta Hana Zuwa a goshinta.
Daga Kumo ta taso wata Laraba,
ta kwanta a kwana kafin ta ga Gombe.
Bappa Manu ya fito da ransa, ƙafar hagu ta ƙi biyo shi daidai.
Wake ya bazu har cikin kwari,
wasu suka taya shi tsincewa,
wasu suka taya shi ci.

Zaɓi huɗu suka bayar,
babu amsar da na sani a ciki.
Gonar Inna ce ta biya,
da bijimai biyu,
da shekarar da na zauna gida
ina kallon sa'o'ina suna wucewa da jakar makaranta.

Ranar da na gaya wa Bappa aikin da nake nema
ya daɗe yana jan carbi.
Can ya ce, wato ku ne masu sayar da laima
tun hadari bai haɗo ba?
Na ce tsakanin hadari da haɗari, Bappa,
'yar ƙugiya ce kawai a kan harafi.
Ya yi dariya har ya dafe gwiwar nan.
Ya ce Allah ne mai tsarewa.
Na ce haka ne.
Ya ce to, in an ba ka teburin,
ka riƙa duban fuskar mutum kafin ka dubi takardarsa.
Wannan ba ta cikin manhaja.

Ɗazu wata tsohuwa ta zo karɓar wayarta,
ta kwance bakin zane, ta zazzage jaka,
'yar lambar da na ba ta ta ɓace.
Ƙa'idar shago a rubuce take: ba lamba, ba waya.
Ni na rubuta da hannuna.
Na dubi ƙa'idar, na dube ta,
na ce Goggo, wa zai fara kiran ki in ta kunna?
Ta ce Dija, daga asibiti.
Muka kunna.
Ba a yi minti biyu ba.

Ishaya ya ce da a jarrabawa ne, na faɗi.
Wataƙila.
Miƙo shafi na gaba, na ce,
fetur ya kusa ƙarewa,
kuma alli na jira na da asuba.